Gyalen da Na Rataya wa Surukin Ƙanena

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na je nema wa ƙanena aure a Riyadh ba, kuma ko na so in manta, matata Hadiza ba za ta bari ba.

A lokacin ina aikin akawu a wani kamfanin gine-gine a unguwar Ulaya da ke Riyadh. Ƙanena Nura yana karatu a Glasgow, can ƙasar Scotland, inda suka daidaita da wata yarinya mai suna Kirsty. Sai aka yi dace mahaifinta, Mista Duncan, injiniya ne a Birnin Masana'antu na Biyu, yana zaune da matarsa a nan Riyadh. Kawunmu ya bugo waya daga Kano ya ce tunda surukan suna kusa da ni, ni zan fara zuwa gaisuwa a madadin dangi. (Ranar na ji na ƙara tsawo. Ni da ko a ɗaurin aurena ba wanda ya nemi jin ta bakina.)

Nura ya kira ni ya ce, "Yaya, don Allah gaisuwa kawai za ka yi. Ban da jawabi."

Na ce masa shi yaro ne, bai san yadda ake neman aure ba.

Tsorona ɗaya: addini. Yarinyar Kirista ce, mu Musulmi, na tabbata a nan za a yi turjiya. Saboda haka na shirya jawabi, na kuma shirya tsaraba: dabino mai kyau, turaren wuta, da wani abu na musamman don uban. Na ji an ce mutanen Glasgow ba su da magana sai ta ƙwallo, sai na je kasuwar Batha na tambayi wani mai shagon kayan wasanni ko yana da abin ƙwallon garin. Ya ciro gyalen wuya guda biyu, irin wanda 'yan kallo ke ratayawa, ɗaya shuɗi, ɗaya kore da fari. Ban yi wata-wata ba na ɗauki koren. Launin tutar Najeriya ke nan, ga kuma ƙwallon garinsu, wace hikima ta fi wannan?

Hadiza ta ce, "Abban Ummi, da ka tambayi Nura."

Na ce mata ba komai ne ake tambaya ba.

Muka isa rukunin gidajen da suke zaune bayan la'asar, ni cikin babbar riga mai aiki, tana ta ƙara saboda sitaci. Mista Duncan ya tare mu, dogon dattijo mai jar fuska, ba ya da yawan magana. Matarsa Moira kuwa 'yar gajeruwa ce mai fara'a, nan da nan ta ja Hadiza suka zauna kamar sun daɗe da sanin juna. (Turancinsu ma wani abu ne. Ni da ake kawo wa wasiƙun ofis in gyara, rabin abin da suke faɗa gyaɗa kai kawai nake yi.)

Bayan shayi na miƙe tsaye. Ba wanda ya ce in miƙe. Na buɗe leda na ciro gyalen, na warware shi da hannu biyu, na taka har gaban Mista Duncan na rataya masa a wuya da kaina, har da gyara masa gefe ɗaya da ya karkace. Mutumin ya sandare a kujera. Fuskarsa da ma ja ce, sai ta ƙara. Ni kuwa na ɗauka daɗi ne ya hana shi magana, sai na shiga jawabi.

Na yabi Nura, na yabi zuriyarmu. Sannan na zo inda na fi alfahari da shi. Na ce, "Na san abin zai yi muku nauyi, domin ku kun huta. Addininku ɗaya, ƙabilarku ɗaya, ba talaka ba mai kuɗi. Ba ku san wahalar auren da ya haɗa gida biyu mabambanta ba. Mu ne za mu koya muku haƙuri da juna."

Sai na ji wani ɗan sauti daga wajen Moira. Ta toshe baki da hannu, kafaɗunta suna rawa. Can dariyar ta ƙwace mata, ta yi ta yi har da hawaye, tana nuna wuyan mijinta.

Da ta samu numfashi ta ce in zauna. Ta bayyana mini cewa a garinsu ƙungiyoyin ƙwallo biyu ne, mai kore da mai shuɗi, kuma lamarinsu ba ƙwallo kaɗai ba ne. Koriya ta Kiristoci 'yan Katolika ce, shuɗiya ta Kiristoci 'yan Furotesta, kuma mijinta tun yana yaro shuɗi yake bi, ko kofin shayi kore ba ya sha da shi. Ita 'yar Katolika ce, mahaifinta lebura ne a wurin ƙera jiragen ruwa, a ɗaki biyu suka taso su da yawa. Shi kuwa ɗan likita ne, gidansu har da lambu. Da suka ce za su yi aure, mahaifiyarsa ta ƙi zuwa bikin. Mahaifinta ya raka ta har bakin ƙofar cocin su Duncan, ya tsaya a waje cikin ruwan sama, ya ƙi shiga. Sai da aka haifi Kirsty, ta fara tafiya, sannan surukarta ta fara kiran sunanta.

Ina zaune gumi yana bin bayana duk da sanyin na'ura. Na nemi inda zan sa idona na rasa. Hadiza kuwa ta duƙar da kai tana nazarin kafet kamar za ta saya.

Mista Duncan ya cire gyalen a hankali, ya ninke, ya miƙa wa matarsa. Ta riƙe shi a cinya ta ce irinsa mahaifinta yake ratayawa har ya rasu. Sannan dattijon ya dube ni ya yi magana mafi tsawo da na ji daga bakinsa a ranar.

Ya ce, "Nura ya zo gidanmu, mun san shi, muna sonsa. Tambayata ɗaya ce. Mahaifiyarku za ta kira 'yata da sunanta?"

Na shiga laluben jawabin da na haddace. Hadiza ce ta ɗago ta ce, "Hajiya ta riga ta sa an ɗinka mata atamfa. Sunan ne dai yake ba ta wahala, Kisti take cewa."

Ya yi murmushi ya ce hakan ma ya isa.

A mota na kira Nura na ce an amince. Ya yi hamdala, sannan ya tambaya ko na kai tsaraba. Na ce na kai gyalen ƙwallo. Sai a hankali ya ce, "Yaya, wane launi?" Na ce masa layin ba shi da kyau.

An yi auren, yanzu 'ya'yansu biyu, kuma duk lokacin da suka zo Kano, Hajiya ba ta barin kowa ya zuba wa Kisti abinci sai ita. Ni kuma abin da na koya shi ne, kafin ka je koya wa mutane haƙuri, ka fara tambaya ko sun riga ka shiga ajin. In kuma ƙaninka ya ce ban da jawabi, to ban da jawabi.