Yadda Za Ka Riƙe Kambun Kishin Ƙasa Bayan 'Yarka Ta Sauya Fasfo

Idan kai ne duk teburin mai shayi ya sani da kishin ƙasa, sai aka wayi gari 'yar cikinka ta ajiye fasfon Malesiya ta karɓi na Singafo, kwantar da hankalinka. Ga hanya gwadaddiya. A gaban idona Wak Sarman ya bi ta a shagon shayin unguwarmu a Johor Bahru, birnin Malesiya da gada ta haɗa shi da Singafo. Na yi maka alkawari, muddin ka bi ta sau da ƙafa, kambunka na nan daram kuma ba mai jin labarin.

Mataki na ɗaya: Raba mutane kashi-kashi tun abin bai zo kanka ba

Kalmomin ƙasa kamar kujerun shagon suke, wanda ya riga zuwa shi ke rabo. Wak Sarman tsohon direban bas ne, ya yi ritaya, asuba ta gari yana kan kujerarsa, don haka shi ya raba duniya. Ɗan ƙasa, in ji shi, wanda aka binne cibiyarsa a nan, yake ci a nan, yake kwana a nan. Baƙo, wanda ya zo zai koma. Masu tsallaka gada kullum su yi aiki a Singafo ya raɗa musu 'yan ƙasar barci. Waɗanda kuwa suka mayar da fasfo gaba ɗaya, ya ce sun sayar da uwarsu sun sayi na'urar sanyaya ɗaki.

Kana bukatar wanda za ka riƙa gwada kalmomin a kansa. Na Wak shi ne Muniandy, mai gadin wani bene a tsallake, wanda ke biyowa shagon da safe in ya taso aiki.

"Ga ɗan ƙasar barci nan ya iso," in ji Wak.

"Wak, bar ni in sha shayina. Kai ma ai kakanka a kwalekwale ya zo daga tsibirin Jawa na Indonesiya."

"Zuwa ya yi, ba tafiya ba. Mai zuwa daban, mai tafiya daban."

A kula: da zarar an taɓo kakanni, ɗaga hannu ka sa a ƙaro roti, wato gurasarmu ta nan. Ba a bin diddigi da baki cike.

Mataki na biyu: Ranar da labarin ya zo, kada ka tsaya jin ƙarshensa

Haiza ita kaɗai Allah ya ba shi. Ma'aikaciyar jinya ce a Singafo, a can ta yi aure. Wata Asabar ta zo gida, ta jira ya gama cin shinkafarsa, sannan ta ce, "Abah," wato Baba, "sun amince su ba ni fasfonsu. Amma ka san doka, ba a riƙe biyu. Dole in mayar da namu."

"Namu? Ashe har yanzu namu ne."

Ya miƙe ya tafi bai wa kurciyarsa ruwa, alhali kwanon cike yake. Tun daga ranar ya daina ɗaukar wayarta. Haka ake yi, ka kwaikwaya. In matarka ta tsare ka kamar yadda Mak Tumirah ta tsare shi, tana cewa, "Wai ƙasar ce ta yi naƙudarta ko ni?" ka yi kunnen uwar shegu.

Gaskiyar magana, ba ƙasa ce ta hana Wak barci ba. Tsoro ne ya kama shi, yana ganin yarinyar ta tafi ke nan. Amma wannan ba zancen tebur ba ne, kada ka kuskura ka furta.

Mataki na uku: Ƙara tuta

Wak ya sa ɗaya a babur, ɗaya a ƙofa, ɗaya a kejin kurciya. Watan bikin 'yancin kai ya wuce, kowa ya sauke tasa, shi ya ƙaro. In an tambaye ka dalili, ka ce kishi ba shi da wata.

Mataki na huɗu: Ban ce ka yi ƙarya ba, zaɓi gaskiyar da za ka faɗa

Nan Allah ya rufa mana asiri, fasfon ƙasashen biyu duk ja ne. Ranar da Muniandy ya gyara zama ya ce, "Wak, ina labarin Haiza? Kwana biyu ba ka ambatonta," Wak ko gezau.

"Lafiyarta ƙalau. Fasfonta jiya ja, yau ja."

"Ni na tambayi fasfo?"

Ka ga kuskuren? Kada ka amsa abin da ba a tambaye ka ba.

Sannan a hankali ka gyara kalmominka. Zancen sayar da uwa ya ɓace daga bakin Wak ɓat. A madadinsa ya fito da sabon kashi, wai wakilanmu na ƙetare, mutanen kirki masu ɗaga sunan ƙasa a waje.

"Yaushe aka buɗe wannan reshen?" in ji Muniandy.

"Da ma yana nan. Ku ne ba ku tambaya ba."

Mataki na biyar: Kada ka yarda matarka ta aike ka

Daga nan Wak ya fara kauce wa tsari, don haka buɗe kunnenka da kyau. Cikin Haiza ya tsufa, tana so ta zo ta ɗan huta wurin uwarta, mijin kuma aiki ya riƙe shi. Mak Tumirah gwiwa ta hana ta hawa bas.

"Je ka taho min da 'yata."

"Ni ba na zuwa ƙasar waje."

"Ƙasar wajen da kake hango benayenta daga bakin ruwa? Tashi, malam."

Ta cusa masa fasfo a aljihun riga. Ya tafi yana ƙunƙuni. A hanyar dawowa ya karɓi jakar Haiza ya rungume a cinya, yana kallon ruwa ta tagar bas.

Mataki na shida: A zauren shigowa, bi layinka

Wannan shi ne mataki mafi sauƙi, jaki ma zai iya. A zauren da ake duba fasfo a bakin iyaka, alluna biyu ne a sama. Ɗaya na 'yan ƙasa, ɗaya na baƙi. Ranar hutu ce, layin baƙi ya nannaɗe har bakin matakala, na 'yan ƙasa kuwa sai zirr ake wucewa.

Haiza ta tsaya a mararrabar. Tun da aka haife ta ba ta taɓa bin wancan ɓangaren ba. Ta miƙo hannu ta ce, "Abah, kawo jakar. Naka can ne. Sai mu haɗu a waje."

Abin da ya kamata ya yi a fili yake: ya miƙa, ya wuce. Sai ya tsaya kallonta. Yarinyar da shi da hannunsa ya binne cibiyarta a gindin bishiyar rambutan ta bayan gida, ga ta ƙarƙashin allon baƙi, ta dafe ƙugu, ƙafafu sun kumbura, tana ƙoƙarin kada ta yi kuka a gabansa. Tausayi ya kama shi, kunyar kansa ta rufe shi. Ya saɓa jakar a kafaɗa ya bi bayanta.

"Abah, za a gan ka fa."

"A gan ni."

Wata jami'a ta hango fasfon a aljihunsa, ta matso cikin ladabi. "Pak Cik," wato Kawu, "layinka can ne, ba kowa ma."

"Na gani, 'yata. Wannan ta zama baƙuwa, ni kuma ubanta ne. Nuna min layin uban baƙuwa in bi."

Jami'ar ta ɗaga kai ta dubi allunan, ta dube su su biyu, ta ƙyale shi. Haiza ta riƙo hannun rigarsa kamar lokacin da yake kai ta makaranta. Daga can layin 'yan ƙasa kuwa, wa zai hango su in ba Muniandy ba, da kayan gadinsa, ya taso aiki.

Mataki na bakwai: In asiri ya tonu, riga kowa magana

Washegari Wak bai ko zauna ba ya ce, "Haiza ta zama 'yar Singafo. 'Yata ce. Mai magana ya yi."

Muniandy ya yago roti, ya tsoma a miya, ya tauna a tsanake.

"Wak, zauna. Ai tuntuni Mak Tumirah ta gaya wa matata a kasuwa. Tutar kejin kurciyar nan ce muke jira mu ga yaushe za ka sauke."

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ya wanke hannunsa daga duk abin da ya biyo baya. Alkawarin da na yi na wanda ya bi matakan ne, Wak kuwa bai bi ba, kambun ma yanzu ba ya ko neman sa, kullum yana kan gada da kwanon abinci zai kai wa Haiza. In ka bi komai daidai har ka isa zauren nan, sai ƙafafunka suka kai ka layin da ba naka ba, kada ka zo min da ƙorafi, tsakaninka da su ne. Ka dai riƙe mata jakar, tana da nauyi.