Goro da Toshiyar Salansa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka je tambayar aurena a Shamaki ba, ko da na so in manta abokaina ba za su bari ba. Har yau in zance ya ƙare a majalisa sai wani ya ce, "A ba mu na goro," a kwashe da dariya har da masu riƙe ciki. Ni ma ina taya su, amma tawa dariyar iyakarta haƙora.

Bari in fara da mashin ɗin, tunda shi ne ya ja min. Ina da ɗan shagon kayan waya a Kasuwar Gombe, gidanmu kuma yana Manawashi. Tun ina ƙarami burina in mallaki mashin irin na tsere, wanda mutum ke kifa cikinsa a kan tanki kamar ƙadangare a kan katanga. Allah ya kawo wani ɗan Kwatano, baƙi wuluk, wanda ya zaga hannun mutane da yawa kafin ya iso nawa. Fentin ya koɗe ta gefe, madubin hagu ma ba nasa ba ne, amma a idona duk Gombe babu na biyunsa.

Aibinsa ɗaya ne a wajena: ba shi da murya. Ƙaton abu, amma in ka tayar da shi sai ka rantse keken ɗinki ake takawa. Abokaina masu irin wannan mashin suka sa ni gaba, wai na sayo amarya mai kunya. Ban yi wata-wata ba na kai shi wajen Sale mai walda, na ce ya fasa salansar ya kwashe duk abin da ke cikinta mai danne ƙara.

Sale ya yi aikin, sannan ya ce, "Ka dai san jami'an hanya suna kama mashin mai buɗaɗɗiyar salansa ko? In suka riƙe shi, babu ruwana."

Sai ya ƙera min toshiya, wani guntun bututun ƙarfe mai huje-huje da ake turawa a bakin salansa a ɗaure da noti. In tana ciki, mashin ya koma salihi. In an zare ta, sai ka ce aradu ce ta faɗo. Ya ce in zan shiga gari in saka, in na fita bayan gari in cire, kuma in riƙa ɗaure notin da sufana, don zafi da girgiza suna kwance shi. Na ce na ji (ban ji ba, hankalina yana kan totur).

A wannan lokacin ina neman Maryama. Mahaifinta, Alhaji Buba, Bafulatani ne da ya bar kiwo ya zauna a gari yana harkar shanu, mutum mai kunya da ƙarancin magana. Duk zuwan da nake yi zance bai taɓa nuna ya san da ni ba. In ya hango ni a ƙofar gida sai ya tuna yana da wata buƙata a masallaci, ni kuma in sunkuyar da kai ina nazarin takalmina. Kullum da toshiya nake zuwa, kuma tun daga bakin layi nake kashe mashin in tura shi. Mutanen layin har misali suke yi da ni, wai ga yaro mai babban mashin da ladabi.

Wata rana da la'asar ni da abokaina muka dawo daga bayan gari, kasala ta hana ni tsayawa in mayar da toshiya. Don kauce wa jami'an da ke babban titi sai na yanke ta wani lungu a can ƙarshen Shamaki, nesa da layinsu Maryama, kaina cikin hular kwano mai baƙin gilashi. Wanda bai taɓa murɗa totur a tsakanin katangu biyu ba, ba zai gane daɗin ba. Na murɗa, na saki, salansa ta yi harbi tas-tas-tas. A madubi na hango wata tsohuwa zaune a ƙasa, ƙwaryarta a kife. Na ce wa raina hutawa take yi, na ƙara wuta.

Washegari na je zance na tarar da Maryama babu walwala. Ta ce kakarta, wadda duk gidan suke kira Dada, ta faɗi a hanyar dawowa daga barka, ta karye a tsintsiyar hannu, har an kai ta wajen mai ɗori.

"Wani marar tarbiyya ne mai baƙin mashin ya firgita ta," in ji ta. "Ko waiwayowa bai yi ba."

Jama'a, nan ne wurin da ya kamata in buɗe baki in faɗi gaskiya. Na kuwa buɗe bakin. Abin da ya fito shi ne, "Subhanallahi! Irin waɗannan yaran su ne suke ɓata mana suna. Allah ya shirye shi."

Ta kalli mashin ɗina da ke jingine a jikin katanga, ta ce, "Naka dai ba ya haka."

"Nawa? Ai ko kaza ba ya tayarwa."

Da na tsaya a nan da sauƙi. Amma tsoro ya sa bakina ya ƙi rufuwa, har na kawo shawarar cewa ya kamata a kai maganar gaban mai unguwa. Aka kuwa kai. Alhaji Buba da kansa ya jagoranci dattawa, aka kafa doka cewa duk mashin da ya shigo unguwar da buɗaɗɗiyar salansa, 'yan sintiri su riƙe shi su miƙa wa hukuma. (Wato ni na ba da shawarar dokar da aka kafa don a kama ni.) Na kuma shiga aika wa Dada lemu da ayaba na dubiya, tana aiko min da albarka. Duk albarkar da aka kawo sai in ji ta tsaya min a wuya, amma ban fasa karɓa ba.

Da magana ta yi ƙarfi, aka sa ranar da manyana za su je tambaya. Baffa Sule, ƙanin mahaifina, shi ne jagora, tare da limamin layinmu da wasu dattawa. Kowa ya san al'ada: wanda ake nema wa auren ba ya zuwa wurin, ko inuwarsa ba a so a gani. Manya ne ke zama su gaisa, su ajiye goro da alawa, su roƙi iri. Ni nawa in zauna a gida in jira.

Zaman ne ya gagare ni. Na ɗauki mashin na fita bayan gari, na zare toshiya, na yi ta sheƙa gudu don in rage fargaba. Ina dawowa gida waya ta shigo, Baffa ne, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Mun manta goron a zauren gidanku. Ga mu a ƙofar gidan mutane da alawa kaɗai. Ka ba wani ya kawo yanzu. Kai kada ka zo, ka ji ko?"

Na ce to. Sannan na tambayi kaina, duk Manawashi wa ya kai ni sauri? Na zaro toshiya daga aljihu na tura, na laluba sufana ban gan ta ba, sai na murɗa notin da yatsu har ya tsaya. Na ɗaure goron a baya, na bar hular kwano don kada ta ɓata min zaman hula (ko a ranar da ba a so a gan ni, sai da na sa farar shadda).

Har bakin layinsu komai lafiya. Na kashe mashin na tura, na miƙa goron ga direban Baffa, ya shige da shi. Ƙofar zauren a buɗe take, ina hango dattawa zaune a kan tabarmi, Alhaji Buba a tsakiya kansa a ƙasa. Aikina ya ƙare. Abin da ya rage kawai in juya in tura abina kamar yadda na saba.

Sai na ga labulen wata taga ya motsa. Na hango hannun Maryama mai lalle da rabin fuskarta, da kawunan ƙawaye a bayanta. Nan take zuciyata ta ce, haba, a ranar irin wannan ango ya tafi yana tura mashin kamar wanda mai ya ƙare wa? Na hau, na tayar, ya amsa a hankali cikin ladabinsa. A daidai lokacin liman ya ɗaga hannu ya fara addu'a. Ni kuma na ɗan taɓa totur, kaɗan kawai, don masu taga su san ina nan.

Toshiyar ta fita kamar an harba ta. Ta daki ƙyauren ƙarfe gwaram, ta faɗa cikin zauren, ta gangara a kan tabarma ta ratsa tsakanin dattawa, ba ta tsaya ba sai a gaban gwiwar Alhaji Buba, tana hayaƙi. Bayanta kuma ƙarar ta biyo. Tantabarun gidan suka tashi gaba ɗaya, wata akuya ta tsinke igiya ta yi waje, wani dattijo ya miƙe tsaye da takalmi ɗaya a hannu. Na kai hannu zan kashe, don ruɗewa sai na danna hon.

Da ƙyar na samu makullin. Shirun da ya biyo baya ya fi ƙarar ban tsoro. Can daga cikin gida wata murya ta tashi. Ta fara da Fulatanci, sannan ta juya Hausa don kada baƙi su yi asarar komai.

"Shi ne! Wallahi shi ne! Wannan ƙarar ko cikin barci na ji ta zan gane ta!"

Sai ga Dada ta fito ta ƙaramar ƙofa, hannunta a ɗaure rataye da ɗankwali a wuya. Ranar ce na fara ganin fuskarta ba a madubi ba. Ta dubi mashin, ta dube ni, ta tambayi wata mata da ke bayanta ko wane ne. Aka gaya mata. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce a hankali, "Ashe kai ne mai aiko min da lemu?"

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata. Ina zaune a kan mashin, hannuna biyu a kan kai.

Alhaji Buba bai ɗaga murya ba. A karo na farko tun da nake zuwa gidansa ya ɗago ya kalle ni, kallo ɗaya, ya mayar da kansa ƙasa. Ya ce wa Baffa, "Alhaji, mun gode da tattaki. Ku je gida, za mu yi shawara." 'Yan sintiri biyu da ƙarar ta jawo suka kama kan mashin, ya ɗaga musu hannu ya ce su bar shi, ɗan baƙinsa ne. Na so a ce sun tafi da shi, har da ni.

Baffa ya fito ya wuce ni kamar bai san ni ba. Sai da ya buɗe ƙofar mota ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Tura shi." Haka na tura ƙaton ƙarfen nan cikin yashi da rana har Manawashi, farar shadda ta koma ruwan ƙasa.

Washegari da hantsi aka yi sallama a gidanmu. Goron ne aka dawo da shi, ko ɗaurin ba a kwance ba. A samansa an ɗora toshiyata, an goge ta tas an naɗe a leda. Mahaifiyata ta kalli kayan ta shige ɗaki, ranar ba ta yi min magana ba. Wannan ya fi min zafi fiye da faɗan da mahaifina ya yi.

Na je na durƙusa a gaban Dada, ta ce ta yafe min hannunta duniya da lahira, har ta sa aka kawo min fura. Manya sun koma ba sau ɗaya ba, Alhaji Buba yana karɓarsu da mutunci, yana shimfiɗa musu tabarma, amsarsa dai ɗaya ce: Allah bai yi ba. Na sa rai ko Maryama za ta tsaya min. Sau ɗaya ta ɗauki wayata.

"Baba ƙarar ce ta ɓata masa rai," in ji ta. "Ni kuwa da ƙarar ce kawai da na roƙe shi. Ina ba ka labarin Dada ina hawaye, kana zaune kusa da ni kana cewa Allah ya shirye shi. Wannan ne na kasa mantawa."

Tana gama faɗin haka ta kashe wayar.

Mashin yana nan har yanzu. Na koma wajen Sale in mayar da kayan cikin salansar, ya ce tuni 'yan gwangwan suka saye su, sai da na nemo wata salansar daban. Yanzu jami'an hanya hannu suke ɗaga min. Maryama ta auri wani malamin makaranta mai ɗan mashin roba-roba. Wani lokaci sukan wuce ta gaban shagona, ba na ma jin zuwansu sai na ga bayansu.

Abokaina sun ce darasin labarin shi ne kada ka ɗaure noti da yatsu. Na daɗe ina yarda da su, don ya fi sauƙin haɗiya. Amma na san ba a zauren Alhaji Buba na rasa Maryama ba. A lungun nan na rasa ta, ranar da na ga tsohuwa a ƙasa na ƙi taka birki, na kuma ƙarasa aikin da bakina washegari. Duk da haka na ɗauki shawarar abokan nawa. Duk inda za ni yanzu da sufana a aljihuna, sai dai babu sauran abin da zan ɗaure.