Yadda Na Nemi Aure a Rumfar Makoki

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na ja tawagar neman aure daga unguwar Adjamé zuwa Treichville a birnin Abijan ba, ko da an wanke min ƙwaƙwalwa da sabulun salo. Ɗan yayana, Mamadu, shi ne ya ga yarinya a Belleville da ke cikin Treichville, 'yar wani Alhaji Garba, dattijon da ake cewa ya taɓa korar manemi saboda ya zo a makare. Yaron har ya rame saboda yarinyar nan. Aka ce ni zan yi jagora, tunda ni ne haifaffen Abijan, kuma bakina ba ya mutuwa.

Da safen ranar, Mamadu ya biyo ni shagona kusa da Mairie, ofishin magajin gari. "Tonton," in ji shi, wato baffa, "bari in faɗa maka lambar aveni da lambar rue ɗin, titi da layin gidan ke nan."

Na ce masa, "Lamba ta baƙi ce, yaro. An binne cibiyata a garin nan kafin ubanka ya san hanyar tasha." Na taɓa sauke shi sau ɗaya a bakin layin, na ga masallaci, na ga teburin mai nama, na ga mai shayi. Me kuma ya rage? Mu a Adjamé haka muke kwatance: ka wuce mai gasa masara, ka karya ta bayan kwata, ka tambayi gidan mai ƙaton ciki.

Muka ɗauki taksi, ni da Baffa Sani, ƙanin kakan yaron, wanda shekara da shekaru yake kawo shanu garin nan amma bai san ko'ina ba sai mayanka, da wasu dattawa biyu riƙe da ƙwaryar goro. Tun daga nan na buɗe makaranta. Na nuna musu dogayen benayen Plateau na ce ga cibiyar gari, da rana cike, da yamma ko kare ba ya kwana. Na ce Adjamé kasuwa da tasha ne suka haife ta, shi ya sa lungunanta suke kamar hanjin akuya. A kan gada na bayyana musu cewa ruwan nan shi ya raba garin biyu, Treichville kuma Turawa ne suka shata ta da ma'auni don ma'aikata, layi-layi kamar gidan dara. (Duk wannan ilimi na aji uku ne na sakandare, inda ni da boko muka rabu ba baram-baram ba.) Na rufe da babbar ƙa'idata: duk inda Bahaushe ya sauka, masallaci, nama da shayi suna biye da shi.

Baffa ya ce, "To Allah ya sa malamin ya san gidan."

Abin da ƙa'idata ba ta faɗa min ba shi ne, a unguwar kowane layi yana da masallacinsa da mai namansa da mai shayinsa, kuma layukan kamar an haife su rana ɗaya. Muna zagaye na uku direba ya fara huci, sai na hango rumfar tamfol an tare titi da ita, ga kujeru, ga malamai, ga lasifika, ana raba goro. Na bugi ƙirji na ce, "Kun ga karamci? Har titi suka rufe mana."

Muka shiga, aka ba mu kujeru. Na lura ana yawan magana da yaren Dioula, na ce a raina maƙwabta ne aka gayyato. Na lura ba mai dariya, na ce kwarjinina ne. Da mai magana ya ajiye makirufo, na miƙe na ɗauka, Baffa yana jan gefen rigata ina fizgewa. Na yi Hausa, na maimaita da Faransanci don kada kowa ya yi asara. Na yabi asalinmu har na haɗa mu da sarakunan da ba su san da mu ba. Sannan na ce mun ji labarin wata baiwar Allah a gidan nan, mai haƙuri, mai kunya, mun zo a ba mu ita mu tafi da ita.

Wani mutum mai jajayen idanu ya ce a hankali, "Mon frère, ɗan'uwana, tsohuwarmu ce, kuma an riga an kai ta. Yau sadakar bakwai."

Na nemi ƙasa ta tsage, amma kwalta ce.

Sai wani dattijo mai farar hula ya taso daga cikin masu zaman makokin, ya karɓi makirufon daga hannuna ya kashe. "Kai ne baffan Mamadu? Ni ne Garba. Gidana yana bayan wannan, katanga ɗaya muka haɗa, ƙofata tana kallon ɗaya layin. Na gaji da jiranku ne na leƙo addu'a. Zauna ka yi wa mamaciya fatiha."

Na yi fatihar da ban taɓa yin mai tsawonta ba. Goron da muka kawo, rabinsa a nan ya tsaya. Muka zagaya a ƙafa, Alhaji a gaba, ni a can baya kamar wanda aka kamo. Muna shiga na ji mata suna shaƙe dariya a ɗaki, ashe lasifikar ta kai musu jawabina tun daga bisimilla.

Alhaji ya daɗe yana kallona, ni kuwa ina tunanin abin da zan gaya wa Mamadu. Can ya ce wa Baffa, "Na ba ku. Amma ranar kai amarya, wannan ya zauna a gida. 'Ya ɗaya gare ni."

Tun daga ranar na gane cewa wanda ya san yadda aka kafa gari ba lallai ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba. Yanzu in na ga rumfa a titi, ko ana kiɗa da guɗa, sai na fara da "Ya haƙuri?" In biki ne, ango ma zai buƙace shi.