Ranar da Na Rataya wa Baƙonmu Kwalin Jaki

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Laraba a Azare ba, ko da tsufa ya kwashe mini komai. A tsakiyar shekarun dubu biyu ne, ina malamin ladabtarwa a wata makaranta mai zaman kanta. Mai makarantar, Hajiya Ladi, a zauren gidanta ta fara da benci huɗu, amma lokacin da nake ba ku labari mun kai ga bene, har daga Gamawa ana kawo mana yara. Burinta ɗaya ya rage, wato wata ƙungiyar ƙasar waje ta amince da mu, ɗalibanmu su riƙa zana jarrabawarta a nan Azare. Shekara biyu tana rubuta takardu kafin su ce za su turo mai dubawa. Idan ya ƙi mu, an gama.

Ni kuwa a lokacin babu abin da nake taƙama da shi kamar yaƙi da banakula, wato yin Hausa ko Fulatanci a harabar makaranta. Ina da wani kwali mai igiya, na zana jaki a jiki da hannuna (wasu sun ce ya fi kama da akuya, hassada ce kawai). Dokar ita ce duk wanda aka kama sai ya rataya shi, kuma ba zai cire ba sai ya ji wani ya yi Hausa ya miƙa masa. Har malamai ban ƙyale ba. Saboda zuwan baƙon na kwashe littattafan Hausa na kulle a sito, na ja kunnen maigadi cewa ko sallama aka yi masa ya amsa da ka.

Hajiya ce kaɗai ta san ko wane ne mai dubawar, mu malamai duk a zatonmu Bature ne zai zo a jibgegiyar mota da ƙarfe goma. Wajen takwas da rabi ina zagaye cikin kwat ɗin aro, gumi na bin bayana, sai na jiyo dariya a gindin dalbejiya. Wani mutum ne cikin farar kaftani ya tsuguna a tsakiyar 'yan aji biyar, ya ba ni baya, yana zuba musu Hausa yana haɗawa da Fulatanci. Dama muna jiran sabon malamin lissafi a makon. Na ce a raina, lallai wannan ya fara aiki da ƙafar hagu. Na lallaɓa ta baya kamar mai kamun kaza, na zura masa kwalin a wuya, na kuma bi shi da Turanci mai zafi cewa nan ba tashar mota ba ce.

Mutumin ya miƙe a hankali, ya duba jakin, ya dube ni. Yana da furfura kaɗan da farin tabarau. Sai ga Hajiya ta taho da sauri, mayafi na zamewa, tana cewa da Turanci, "Dakta Bello, yaushe ka iso?"

Ashe shi ne mai dubawar. Ɗan wani ƙauye ne kusa da Bulkachuwa, ya daɗe yana aiki a Turai, ya kwana wurin danginsa ya hawo acaɓa da sassafe don ya ga makarantar kafin a yi mata kwalliya. Wahalar Hajiya ta shekara biyu ce na ɗaure da igiya na rataya a wuyan mutum.

Na kai hannu zan cire, ya ja da baya. Ya tambayi yaran dokar kwalin, wata yarinya mai suna Habiba ta zayyana masa ita tas da Turanci (ni na koya mata, ga sakayyar da na samu). Ya gyaɗa kai ya ce to shi mai bin doka ne, zai riƙe har ya ji mai laifi na gaba. Nan Turancina ya gudu ya bar ni. Ban san sanda bakina ya ce, "Don girman Allah, ranka ya daɗe, ka rufa mini asiri" ba.

Ya yi murmushi, ya cire kwalin, ya rataya mini da hannu biyu, har da gyara mini igiyar a kan kwala. "Malam, naka ne," in ji shi da Turanci.

Haka na bi shi aji-aji da jaki a ƙirji, a gaban yaran da na shekara ina firgitawa. Ba wanda ya ƙara yin Hausa kusa da ni, don sun san abin da nake jira. Sai da muka shiga aji biyar Dakta ya ce tsarin ƙungiyarsu na harshe biyu ne, yana so ya ga yadda yara ke riƙe nasu tare da Turanci. Hajiya ta harare ni, na ruga sito na kwaso littattafan da na ɓoye. Da na dawo, Dakta ya ba da ɗan labari da Fulatanci, Habiba ta mayar da shi Hausa, wata ta juya shi Turanci ba tare da tuntuɓe ba. Dakta ya ajiye biro ya tafa musu. Wallahi duk da kwalin sai da na ji ƙwalla, don ban taɓa sanin yaranmu sun iya haka ba. Ina zan sani, alhali ni ne mai toshe musu baki.

Bayan wata biyu takardar amincewa ta iso. Hajiya ta yanka sa, iyaye suka cika harabar, aka kafa sabon allo a bakin ƙofa da Hausa a sama, Turanci a ƙasa. A wurin taron ta sanar da cewa an buɗe sashen Hausa, kuma ta rasa wanda ya fi cancanta ya shugabance shi sai mutumin da ya yi Hausa mafi tsada a tarihin makarantar. Na miƙe ana ta tafi da dariya.

Kwalin yana nan a bangon ofishina har yau, don tun ranar yin Hausa ya daina zama laifi, ban sami wanda zan miƙa wa ba. Abin da na koya shi ne, kafin ka rataya wa mutum wani abu a wuya, ka zagaya ka ga fuskarsa, sannan ka gwada igiyar a naka wuyan, domin wataƙila kai za ka ƙare da ita.