La'asar a Tsakiyar Dam

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da surukina ya yi sallar la'asar a tsakiyar dam ɗin Kazaure, ni kuma na kusa zama sanadin ajalinsa. Shekarun da kuɗin man fetur suka fara shigowa ne, muna cikin jihar Kano. Na samu aikin malamin gona, na sayi babur, na ɗinka wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa, ina ji da kaina ƙwarai.

Baffa, mahaifin matata Hansatu, ya zo daga rugarsu ta wajen Gwiwa. Dattijo ne mai kunya irin ta Fulanin da. Tunda na auri 'yarsa bai taɓa kiran sunana ba, ni ma ban taɓa kallon idonsa ba. In yana da magana da ni, Hansatu yake gaya wa, ko da ina tsugune a gabansa. Ta bakinta na ji yana son ganin ruwan nan da gwamnati ta tare. Ni kuwa (Allah Ya yafe mini son burgewa) na ce ganin bakin ruwa ai ba gani ba ne, ciki zan kai shi.

Na ari jirgin abokina Sale, wanda muka saba zuwa kamun kifi tare. Na iya tuƙi daidai gwargwado, amma anga, abin tsayar da jirgi, kullum shi ke jefawa. Angar ma dutse ce da aka ɗaura wa doguwar igiya, a ƙulle a goshin jirgi.

Muna tsakiyar ruwa Baffa ya dubi rana, ya ce wa sama, ba ni ba, "La'asar ta yi." Ya yi alwala da ruwan dam. Na rarrafa gaba na jefa dutsen, ina jin ya taɓa ƙasa na ja igiyar ta miƙe sosai, na ƙulle, na bar ragowar a naɗe. A ruga na tashi. Abin da na sani shi ne in kana son maraƙi ya tsaya wuri ɗaya, gajarta masa igiya kake yi. Na koma baya, Baffa ya zauna yana fuskantar goshin jirgin, wanda ya yi daidai da gabas, ya kabbara.

Yana raka'ar farko iska ta taso, irin wadda ke gaban hadari. Duk lokacin da ruwa ya ɗaga goshin jirgin sai ya ɗauke dutsen daga ƙasa, ya ajiye shi can gaba. Muka fara tafiya da baya-baya, muna juyawa. Alƙiblar Baffa ta koma wajen Roni, ta zarce wajen Daura, shi ko gezau. Damina ce, dam ya cika, kuma wurin da iskar ke tura mu shi ne inda ruwa ke malala ya faɗa ƙasa. Ina jin rugumniyarsa. Baffa bai iya iyo ba, ko a kududdufi.

Wallahi na ji tsoro. Na sa filafili na yi ta tuƙi, jirgin ya ƙara juyawa. A nan na tuna yadda Sale ke sakin igiya har ta kwanta a karkace cikin ruwa, abin da na daɗe ina ɗauka lalaci ne. Maganin yana nan a naɗe, amma a gaban Baffa yake. Ba a gifta gaban mai salla, balle a tsallake suruki a jirgin da faɗinsa bai wuce tabarma ba. In yi masa magana kuwa, bakina ya ƙi. (Ku yi dariya, ni ma yanzu ina yi.)

Hanya ɗaya ta rage, ta cikin ruwa. Wandon nan nawa in ya sha ruwa sai ya ja ni ƙasa, don haka na tuɓe, daga ni sai gajeren wando. Na sulale ta baya, na riƙe gefen jirgi ina jan jiki har goshi. Na miƙa hannu na kwance ƙullin, na saki igiyar duka. Ta yi ta zarewa, ta yi ta zarewa, sannan ta ɗame. Dutsen ya kama. Jirgin ya yi tsaye cak, ya mai da hancinsa gabas. Daɗin da na ji a lokacin ban taɓa jin irinsa ba.

Ina komowa ta gefen dama, na iso daidai kafaɗarsa, Baffa ya idar. Ya juyo ya ce, "Assalamu alaikum wa rahmatullah," sai ga fuskata, ba hula, ba riga, ciyawar ruwa a ka. Karo na farko ke nan da muka haɗa ido.

Ni kuma, saboda ruɗewa, na ce, "Wa alaikumus salam, Baffa." Bai ishe ni ba, na saki jirgin zan tsuguna in gaishe shi. Sai ji na yi na nutse.

Shi ya kamo ni ta kunne ya ɗago ni. Ya juya hagu ya ƙarasa sallamarsa, ya shafa addu'a. Sannan ya ɗauki wandona ya miƙo ta baya, yana kallon tsaunuka, ya ce wa ruwan, "A gaya wa matuƙin jirgi mun gode." Kafaɗunsa na ta rawa don dariyar da yake dannewa. Muka jira iska ta lafa, na tuƙo mu gida da rai da lafiya.

Tun daga ranar, in zan jefa anga sai na saki igiya ninkin-ba-ninkin zurfin ruwan, in da iska in ƙara. In kuma da suruki a tafiyar, sai an yi salla a tudu kafin a shiga jirgi.