Ranar da Matata Ta Ja Motar Jam'iyya

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Jam'iyyar Riƙon Gado na Ƙasa, uban tafiya, dutsen da ba ya motsi ko da kowa ya tashi ya bar wurin, Allah ya ja da ranka.

Bayan gaisuwa irin ta ƙaramin ɗan jam'iyya ga babbansa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da kujerarka. Ni ne direban motar kamfe ta reshenmu, farar bas ɗin nan mai lasifika biyu a ka, wadda sai an tura take tashi. Tun gashina yana baƙi nake jan ta. Ba lallai ka tuna da ni ba, amma ka taɓa zama a bayana, har ka ce in rage gudu alhali motar tana tsaye. A ranar na tabbata mun dace da shugaba.

Na rubuto a fili ne saboda akwatin ƙorafin ofishinmu yana hannun wani ɓangare, mukullinsa kuma yana aljihun wani.

Ga asalin maganar. Ranar babban taronmu a filin ƙwallo na zame a banɗaki, na yi targaɗe a ƙafar dama. Mota ta cika da jama'a, ga tutoci, ga ɗan takara ya sha turare, amma babu mai taka totur. Sai matata, shugabar mata ta reshe, wadda ta koyi tuƙi a motar burodin mahaifinta tun tana budurwa, ta miƙo hannu ta ce, "Baban yara, kawo mukullin, matsa ciki." Na kawo, na matsa. Ta kai mu lafiya kuma a kan lokaci, abin da bai taɓa faruwa ba a tarihin reshen. Ko rami ɗaya ba ta faɗa ba, har da wanda ni nake faɗawa kullum don mun saba da juna.

Washegari jam'iyya ta tsage kamar tsohon wando. Ga koke-kokena, cikin ladabi.

Na ɗaya. Yanzu muna da 'Yan Tsantsa, ƙarƙashin Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, tsohon magatakardan kotu. Su suka ce kakanninmu ba su san mace a gaban sitiyari ba. Muna da 'Yan Sassauci, ƙarƙashin mai kemis na bakin titi, waɗanda suka ce ai kakanninmu sitiyarin ma ba su san shi ba. Kafin mako ya zagayo, su ma 'Yan Sassauci sun kasu: wasu sun ce mace ta yi tuƙi, wasu sun ce ta yi amma kada ta wuce motar namiji, ko da tasa ta lalace a gefen hanya. Sai kuma wani dattijo mai gyaran agogo ya kafa 'Yan Asali. Shi a ganinsa motar ce baƙuwar aba, kamata ya yi a koma tafiya da ƙafa. Da ƙafa suke zuwa taro, su iso bayan an tashi, shi ya sa har yau ba a taɓa kayar da su a muhawara ba. Ranka ya daɗe, a cikin waɗannan wanne ne gadon da muke riƙo?

Na biyu. An raba ofis da alli, tun daga ƙofa har taga. Fanka ta faɗa yankin 'Yan Tsantsa, makunninta a yankin 'Yan Sassauci. Banɗaki na Yaya ne, famfo na mai kemis. Ba zan yi bayani ba, kai babba ne, ka san abin da wannan yake nufi bayan an sha shayi. Hotonka kuwa a kan layin ya faɗo daidai, kowa ya ce nasa ne, aka ja, aka ja, har ka rabu biyu. Yanzu rabin fuskarka yana bangon gabas yana hararar ɗaya rabin a bangon yamma. Kunnenka na hagu ya ɓace a cikin hayaniyar, ana zargin 'Yan Asali.

Na uku. Maganar ba ta tsaya a tuƙi ba. An shiga tsawon wando, an shiga askin samari, an shiga ko ya halatta a danna waya ana cin abinci. An ga sakataren reshe ta taga yana wanke kwanuka a gidansa, aka kafa masa kwamiti. Bawan Allah ya rantse ba wankewa yake ba, ɗauraya kawai yake yi. Sai kwamitin ya rabu a kan ko ɗauraya ma wanke-wanke ce. Ni kaina 'Yan Tsantsa sun hana ni cewa "na sa giya" a cikin mota, wai kalmar ba ta dace da jam'iyyar mutunci ba. Da na je gareji sai na ce wa makaniki abin nan na uku ba ya shiga. Ya dube ni tun daga sama har ƙasa, ya ce in je asibiti.

Na huɗu, motar kanta, wadda na koma ja da kumburarriyar ƙafata. Kowane ɓangare ya kama lasifika ɗaya. Ta dama tana shelar ɗan takararmu ya yi alkawarin hana mata tuƙi, ta hagu tana shelar zai buɗe musu makarantar koyo. Shi kuwa yana tsakiya yana ɗaga hannu yana murmushin mai ciwon haƙori. Da muka iso shataletalen kasuwa Yaya ya ce, "Yi dama!" Mai kemis ya ce, "Yi hagu!" Ni kuma mai biyayya ne, ban saɓa wa kowa ba, muka yi ta zagaye har mai ya ƙare. Jama'a suka taru sun zaci masu tallan magani ne. Wata tsohuwa ta leƙo ta taga ta ce a ba ta na basir. Mai kemis ya manta da siyasa, ya kwatanta mata shagonsa.

Na biyar, kuma shi ya fi ci mini rai. Gida ɗaya muke da Yaya, shi a sashen gaba, mu a na baya. Shi da matata suka daina gaisawa. Yara suka koma zagayawa ta ƙofar baya don kada a tambaye su ra'ayinsu. Matata ta tsare ni ta ce, "Baban yara, ni na fitar da ku kunya a ranar nan. Kai wane ɓangare kake?" Na ce ni ɓangaren zaman lafiya nake. Yaya ya tsare ni a bakin ƙofa ya ce, "Ƙanena, kai ne mijin ko kwandasta?" Na ce ana duba lamarin. Muka kai ƙara gaban mahaifiyarmu, ta saurare mu har ƙarshe, sannan ta ce, "Ni na tuƙa ubanku shekara da shekaru babu lasisi, bai taɓa faɗawa rami ba. Ku tashi ku ba ni wuri." Kowane ɓangare ya fita yana cewa shi tsohuwa ta goya wa baya.

Na shida. Ranar zaɓe 'Yan Tsantsa suka zauna a gida don su hora 'Yan Sassauci, 'Yan Sassauci suka zauna a gida don su hora 'Yan Tsantsa. Kujerar da muke riƙe da ita tun zamanin iyayenmu ta tafi hannun wata likitar haƙori ta jam'iyyar adawa, wadda ba ta yi alkawarin komai ba sai gyaran kwatar bayan kasuwa. Ka ji rashin manufa, ranka ya daɗe! Kwata!

Sai aka kira taron gano mai laifi. Ina zaune a kan layin alli, ƙafa ɗaya a kowane yanki, sai Yaya ya miƙe ya kawo ƙudurin a kore ni daga jam'iyya, saboda ni na ba da mukulli. Ina jiran a yi masa ca, sai na ji murya daga ɗaya yankin tana cewa, "Na goyi baya." Matata ce. Ta ce mutumin da aka kai shi taro lafiya amma ya kasa buɗe baki ya ce an iya tuƙi, ba shi da amfani ga kowace tafiya. Yaya ya ce, "Wallahi ƙanwata kin faɗi gaskiya, tun yana yaro haka yake." Aka ce masu goyon baya su ɗaga hannu. Ban taɓa ganin hammata da yawa haka a ɗaki ɗaya ba. Sakatare ya ɗaga biyu. Mai kemis ya tsallaka layi ya rungume Yaya, wani ya kunna fanka, iska ta kaɗa kowa babu bambanci. Hawaye ya zubo mini, har yau ban tantance na baƙin ciki ne ko na kishin jam'iyya ba.

To, ga dalilin wannan takarda. Na ji ƙishin-ƙishin cewa ofishinka yana shirin duba lamarina, a mayar da ni saboda daɗewar hidima. Ina roƙonka da girman kujerarka, kada ka yi. Tun ranar da aka kore ni gidanmu ya zauna lafiya. Matata tana aika wa Yaya abinci, shi kuma yana aiko mata da jarida. Da yamma sukan zauna a tsakar gida su yi ta lissafa halayena har shayi ya huce, ni ina gefe ina tuna musu wanda suka manta. A ofis ma, duk lokacin da gardama ta taso a kan wando ko aski, sai wani ya ambaci sunana, nan take a haɗa kai. Shekara nawa kuna neman manufar da za ta haɗa jam'iyyar nan, ranka ya daɗe? Ga ta an samu, tana zaune a gida da ƙafa a kumbure.

In kuma ka ji wani reshen ya fara tsagewa, a aiko mini. A shirye nake in je a ba ni katin jam'iyya da safe, a kore ni kafin la'asar.

Naka mai biyayya har bayan kora, wanda ba ya dama ba ya hagu,

Tsohon Direban Farar Bas,
korarre da yardar kowa da kowa.