Filin Da Ya Sha Kwaskwarima

A wani gari da ake kira Mun-Amince, majalisar ƙaramar hukuma ba ta taɓa cewa a'a ba tun da aka kafa ta. Kansilolinta goma sha biyu ne, cikinsu har da Honarabul Gyangyaɗi, wanda ya ƙware har yana ɗaga hannu ba tare da ya farka ba.

A garin akwai Jatau Mai Usur, kocin ƙungiyar ƙwallo ta Guguwa. Shekara ashirin yana horar da 'yan wasansa a bakin tasha, tsakanin motoci. Bana Allah ya yi, Guguwa ta samu shiga gasar jiha, amma da sharaɗi: cikin wata uku ta mallaki filinta, ko a cire ta. Jatau ya kai kuka majalisa, aka ce, "Mun amince!" Aka ba Alhaji Saura-Ƙiris kwangila, aka yanka fili makeke a tsakiyar gari. Don murna Jatau har usur ya busa a zauren majalisa.

Bayan sati biyu ɗan kwangila ya dawo da takarda. Wai ya lura rana tana kashe wa gola ido ta gefen gabas, gara a ɗan rage wajen.

"Kwaskwarima ce kawai," in ji Ciyaman. "Masu goyon baya?"

Hannu goma sha biyu suka tashi. Kafin Juma'a shaguna shida sun tsiro a gefen gabas. Ni ban ce na kansilan gabas ba ne, matarsa kawai na gani tana zaɓen fenti.

Sai kansilan yamma ya miƙe ya ce wannan ai wariya ce, me yammacin fili ya yi da ba za a kwaskware shi ba? Aka amince. Kudu da arewa ma suka nemi adalci, aka yi musu.

Jatau ya je ya auna abin da ya saura da ƙafa, ya dawo majalisa hankali tashe.

"Ranka ya daɗe, filin nan fa ko bugun fanareti ba zai ɗauka ba!"

"Haba Koci," in ji Ciyaman. "A takarda filin wasanni aka rubuta. Nuna mini inda aka ce ƙwallo."

Aka miƙa ƙorafinsa ga Kwamitin Duba Abin Da Aka Riga Aka Yi. Kwamitin ya ba da shawarar a koma langa, wasan iyaye da kakanni. Tunda da ƙafa ɗaya ake yin ta, rabin filin ma ya wadatar. Aka amince, aka yi tafi. Wata bai zagayo ba Alhaji Saura-Ƙiris ya gano cewa dara ta fi langa, domin ita ko ƙafar ba ta buƙata. Kai, ranar har Honarabul Gyangyaɗi sai da ya farka ya ce a ƙara masa bayani, aka ce kwaskwarima ce, ya koma barcinsa.

Ranar buɗe fili gari ya cika da makaɗa. Kintinkirin da za a yanke ya fi filin tsawo, sai da aka naɗe shi sau uku. Ana cikin haka jami'in gasa, Malam Sallau, ya sauka daga mota da igiyar awo.

"Ina filin?"

"Kana kansa," in ji Ciyaman. "Ɗan ɗaga ƙafarka ta hagu."

Ya ɗaga, sai ga ramukan dara talatin, an shafe su da siminti fes. Malam Sallau bai ko warware igiyarsa ba. Ya zaro biro ya soke sunan Guguwa, ya shiga mota.

Wallahi na tausaya wa Jatau. Dattijo da furfurarsa ya zauna a bakin ramukan yana hawaye, 'yan wasansa tsaye a kansa cikin sababbin riguna da ba su taɓa shan ƙura ba.

Majalisa ma ta tausaya, kada ku ce ba ta da imani. Ta yi zaman gaggawa, ta ce abin kunya ne gari kamar Mun-Amince ya rasa filin ƙwallo. Za a gina sabo, wanda ya ninka na farko, kuma don karramawa za a sa masa sunan Koci Jatau. Abin da ya rage kawai a samo wuri.

Washegari da hantsi Jatau yana noma a gonarsa ta gado, sai ga Alhaji Saura-Ƙiris da ma'auni. Kansiloli goma sha biyu na biye da shi, kowa idonsa biyu, suna gardamar wane gefe ne ya fi kusa da titi.